Sabon Garin Kano: Unguwar Baƙi

Da yawa daga cikinku, mutanen Dogon Dutsi da Tibiri, kun je cin rani Kano. Kun ga Sabon Gari da babbar kasuwarta. To, yau ga tarihin wannan unguwa.

Tun kafin zuwan Turawa, Kano ta san baƙi. Ayarin Buzaye yakan sauka a Fagge, bayan ganuwa. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, sai cinikin gyaɗa ya buɗe. Ma'aikatan jirgi da akawu da masu sana'a suka yi ta zuwa daga kudu. Akwai Yarbawa, akwai Ibo, akwai mutanen Saliyo da na ƙasar da ake kira Gana yau.

Turawa ba su so baƙin nan su cuɗu da mutanen birni ba. Wajen 1913, zamanin Sarkin Kano Abbas, suka yanka musu fili a wajen ganuwa. Shi ne Sabon Gari. Nan aka gina coci-coci da makarantun boko da masallatai. Wanda ya iya karatu zai ga tarihin nan a sunayen tituna: Abeokuta, Enugu, Aba, Freetown. Kowane suna yana tuna garin da wasu suka baro.

Abin da Turawa suka raba, kasuwa ta haɗa. Bahaushe ya kawo hatsi da dabbobi. Mutumin kudu ya kawo manja da kayan masarufi. Hausa ta zama harshen ciniki tsakaninsu.

Amma zaman bai rasa tsami ba. A watan Mayu 1953 rikicin siyasa ya ci rayuka fiye da 30. A 1966 an kashe Ibo da yawa, sauran suka gudu. Shaguna suka rufe, mai saye da mai sayarwa duk suka yi hasara. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, da yawa suka dawo, suka sake buɗe shagunansu. Yau akwai waɗanda a nan aka haifi kakanninsu. Ba su da wani gida sai Kano.

Mu ma a Arewa mun san wannan. Tsofaffi sun ce Gubawa ne suka fara zama, Arawa suka zo daga Borno suka iske su. Yau duk ƴan ƙasa ɗaya ne. Ran kasuwa, ga Zabarmawa, ga Fulani, ga Buzaye. Baƙon jiya shi ne ɗan garin yau.

Ku tambayi tsofaffin garinku: su wa suka fara zama, su wa suka zo daga baya? Ku rubuta amsar a littafinku, ku karanta wa malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.