Motocin Farko a Hamada da Alamomin Hanyarsu

A farkon watan Disamba na shekarar 1924 mutanen Damagaram suka ga irin motocin da ba su taɓa gani ba. Guda takwas ne, kowace tana jan ƙaramar tirela. A gaba suna da tayoyi biyu kamar kowace mota, amma a baya wata ɗamara ce ta roba take zagaya ƙananan ƙafafu, kamar ta katafila. Daga Aljeriya suka fito, sun ƙetare hamada, suna kan hanyarsu ta zuwa tafkin Cadi. A lokacin Damagaram ce hedkwatar mulkin Faransa a Nijar, sai a 1926 aka mayar da ita Yamai.

Yau shekara ɗari ke nan da ɗoriya. Waɗansu motocin wannan zamani suna nan a ajiye a Faransa, ana share su, ana kuma zuwa kallonsu. Amma mota ba ta tafiya sai da hanya. Wanda yake son sanin yadda mota ta shigo ƙasashen maƙwabta, sai ya dubi motar, ya kuma dubi hanyar da alamominta da mutanen da suka yi ta.

Yadda aka sami motar yashi

André Citroën ya kafa kamfaninsa na motoci a birnin Paris a 1919. Mutum ne da ya san darajar talla. Ya gane cewa idan motarsa ta je inda wata ba ta taɓa zuwa ba, duniya za ta riƙe sunansa. Sai ya haɗu da wani injiniya mai suna Adolphe Kégresse, wanda ya yi shekaru yana kula da motocin Sarkin Rasha, Nikolas na Biyu. A can ne ya ƙirƙiro ɗamarar roba domin motar sarki ta iya tafiya a kan dusar ƙanƙara. Da aka yi juyin mulki a Rasha a 1917, sai ya koma gida da fasaharsa.

Hikimar abin ba ta da wuyar ganewa. Tayar mota tana ɗora dukan nauyi a kan ɗan wuri kaɗan, shi ya sa take nutsewa cikin yashi. Ɗamarar kuwa tana shimfiɗa nauyin a kan wuri mai faɗi, kamar yadda tafin ƙafar raƙumi yake buɗewa in ya taka rairayi. Abin da aka yi domin ƙanƙara sai ga shi ya dace da hamada.

Daga Tugurt zuwa Tumbutu

Ranar 17 ga Disamba 1922 motoci biyar suka tashi daga garin Tugurt a kudancin Aljeriya. Shugabannin tafiyar su ne Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Kowace mota an zana mata tambari, an kuma ba ta suna. Ta Haardt ita ce Scarabée d'Or, wato Buzuzun Zinariya. Ta mataimakinsa kuwa Croissant d'Argent, wato Jinjirin Watan Azurfa. Injinsu ƙarami ne, mai silinda huɗu, ƙarfinsa bai wuce na doki 20 ba. Ƙaramar motar haya ta yau ta ninka shi sau da yawa.

Suka bi ta Wargala da In Salah, suka ratsa duwatsun Hoggar, suka gangaro Kidal, suka iske kogin Kwara a Burem. Ranar 7 ga Janairu 1923 suka shiga Tumbutu, bayan tafiyar kimanin kilomita 3,200 cikin mako uku. Wannan ce ƙetarar Sahara ta farko da mota. Ayarin raƙuma kan yi wata da watanni a kan irin wannan nisa.

Nasarar ta sa Citroën ya shirya tafiya mafi girma, wadda Faransawa suka sa wa suna Croisière Noire. Motocin nan takwas sun bar Kolomb-Beshar ranar 28 ga Oktoba 1924. Suka sauko Burem, suka bi gaɓar kogi zuwa Yamai, sa'an nan suka nufi gabas ta ƙasar Hausa, ta Tasawa da Damagaram, har tafkin Cadi. A lokacin Kirsimeti suna Fort-Lamy, wato Njamena ta yanzu. Daga nan sai Bangi da dazuzzukan Kwango. A gabashin Afirka suka rabu kashi huɗu, kowane ya nemi bakin teku ta hanyarsa, suka sake haɗuwa a tsibirin Madagaska a 1925. Tare da su akwai Léon Poirier mai ɗaukar fim, da Alexandre Iacovleff mai zane, wanda ya zana sarakuna da mahayan dawakai na ƙasar Hausa. An nuna fim ɗin a Paris a 1926.

Waɗanda ba a rubuta sunansu ba

Littattafan tafiyar sun lissafa sunan kowane Bature da ya shiga mota, har da makanikai. Amma babu motar da za ta iya ɗaukar man da zai kai ta daga Aljeriya zuwa Madagaska. Tun watanni kafin su tashi aka riƙa kai fetur da abinci da kayan gyara ana jibgewa a zango-zango, a kan raƙuma, cikin jiragen kwale-kwale, da kuma a kan kawunan 'yan dako. Inda aka iske kogi babu gada, mutanen wurin ne suka ɗaure jiragensu suka haye da motocin. A Kwango, mahukuntan Beljiyam sun sa dubban mutane sun sare daji domin motocin su sami wurin wucewa. A cikin hamada kuma rijiyoyin da aka dogara da su, madugai da Abzinawa sun san su tun kaka da kakanni.

Haka abin yake ga hanyoyin da suka biyo baya. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, doka ta ɗora wa kowane namiji mai ƙarfi waɗansu kwanaki na aikin hanya a shekara, ba da lada ba. Da fartanya da kwando aka share hanyoyin, aka cike kwari, aka fasa dutse. Sai ranar 11 ga Afrilu 1946 aka soke aikin tilas, ta dokar da ake kira da sunan Félix Houphouët-Boigny, wanda ya gabatar da ita a majalisar Faransa, daga baya kuma ya zama shugaban Kwaddebuwa. Saboda haka tsohuwar hanya ba aikin Turawa kaɗai ba ce. Gumin kakannin mutanen wurin yana cikinta.

Ganga ta biyar

A cikin hamada ba a yin hanya da kwalta a wancan zamani, da alama ake yin ta. Tsakanin Raggan a Aljeriya da Tasalit a Mali akwai wani fili da ake kira Tanezruft, ɗaruruwan kilomita babu rijiya, babu ciyawa, babu tudun da ido zai riƙe. 'Yan'uwa biyu, Georges da René Estienne, suka binciko hanyar mota ta cikinsa domin wani kamfanin sufuri mai hamayya da Citroën. A 1926 aka jera gangunan ƙarfe a kowane kilomita 50, aka sa musu lamba. Ta biyar ɗin ta zama zango, aka sa mata famfon mai da wurin kwana, har sunanta, Bidon V, ya shiga taswirorin duniya kamar sunan gari. Direban da ya kuskure ganga ɗaya, zai iya rasa ransa.

Daga baya Georges Estienne ya juya ga hanyar Hoggar. A shekarun 1930 motocin kamfaninsa suna jigilar fasinja da wasiƙu daga birnin Aljas, ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram, har Kano. Sai dai kafin nan cinikin ayari tsakanin Kano da arewa ya riga ya ja baya, domin jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, fata da gyaɗa suka koma bin hanyar teku. A 1959 da 1960 kuma manyan motocin kamfanin Berliet suka ratsa Tenere zuwa Cadi, suna kakkafa turakun ƙarfe masu lamba domin masu zuwa bayansu.

Itacen Tenere

Alamar da ta fi duka suna ba mutum ne ya kafa ta ba. Wani itacen ƙaya ne da ya tsaya shi kaɗai a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, babu wani itace ko kusa da shi. Da aka haƙa rijiya kusa da shi a ƙarshen shekarun 1930, sai aka tarar saiwoyinsa sun gangara fiye da mita 30 suna neman ruwa. Shekara da shekaru ayari yana sauka a gindinsa, ba a sare reshensa don dafa shayi, ba a barin raƙumi ya cinye ganyensa. Kowa ya san idan itacen ya tafi, alama ta tafi.

A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi. Abin da raƙuma dubbai suka kiyaye, mota ɗaya ta kawar. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara aka ɗauko gangar jikinsa zuwa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda yanzu ake kira da sunan Bubu Hama. A inda yake a da kuwa aka kafa wani itace na ƙarfe.

Abin da aka adana

Motocin tafiyar farko sun fi itacen sa'a. Jinjirin Watan Azurfa tana gidan tarihi na garin Saint-Jean-d'Angély, mahaifar Audouin-Dubreuil. Buzuzun Zinariya kuwa kamfanin Citroën ya ajiye ta cikin tarin tsofaffin motocinsa. Da kamfanin ya kusa cika shekara 100, sai ɗaliban makarantun koyon sana'a da na injiniya a Faransa suka auna ta gaɓa-gaɓa, suka zana kowane ƙarfe, suka ƙera wata sabuwa irinta, aka nuna ta a 2019. Ta haka tsohuwar ta tsira daga wahalar hanya, matasa kuma suka koyi aikin da kakanninsu suka yi.

Masu raya tsofaffin motoci suna bambanta gyara da rayawa. Mai gyara yana so mota ta tashi, duk ƙarfen da ya shiga ya yi. Mai rayawa kuwa yana riƙe duk abin da zai riƙu na asali, ya kankare tsatsa da haƙuri, abin da ya mutu ya ƙera irinsa da hannu, ya kuma rubuta abin da ya sauya domin na baya su sani. Wannan gwaninta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya ga maƙeran Panteka a Kaduna, ko makanikan Maraɗi da Agadas da suka riƙe tsofaffin Peugeot 404 da Land Rover a kan hanya shekara da shekaru, ya san hannun yana nan. Tun 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, amma da yawa daga cikin na farkon sun ƙare a sikelin 'yan gwangwan.

Alamomin hanya sun fi mota saurin ɓacewa, domin ba su da mai su. Turken ƙarfe ana tuge shi a sayar. Tsohuwar gada, in an gina sabuwa a gefenta, ana kwashe duwatsunta a yi harsashin gida. Rijiyar zango, in hanya ta kauce mata, yashi ya cike ta. Ba kowane abu ne za a iya kaiwa gidan tarihi ba, amma akwai abin da kowane gari zai iya yi ba da kuɗi mai yawa ba. Malamin makaranta zai iya kai yara su auna tsohuwar gada, su ɗauki hotonta, su kwafe shekarar da aka rubuta a jikinta. Mai unguwa zai iya hana a taɓa ta. Tsofaffin direbobi da yaran mota, da waɗanda iyayensu suka yi aikin hanya kafin 1946, suna da labarin da babu shi a littafin kowane Bature, kuma kullum raguwa suke yi. Hausawa sun ce in an bi daga-daga, na ƙurya ka sha kashi. Wanda bai rubuta nasa labarin ba, na wani za a karanta wa jikokinsa.