Kalmomin Turanci na ƙayyade lissafi da ya kamata ɗan kasuwarmu ya riƙe a Kurmi



Ni haifaffen Potiskum ne ta Jihar Yobe, garin da kasuwar shanunsa ke cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. A kara, ran Laraba, ciniki da baki ake yin sa: dillali ya tsaya, a yi tayi, a sallama, a tafa. Amma da zarar tirela ta sauke a Oko-Oba ta Agege ko Akinyele ta Badun, sai magana ta koma takarda da saƙon waya, galibi da Turanci. A nan ne kalma ɗaya kan cinye ribar tafiya guda.

Na gani a kaina. Wani mai saye ya turo min saƙo cewa zai ɗauki shanu "up to 30". Ni kuwa na ɗauka talatin cif yake nufi, na yi lodi na taho. Ya zaɓi 18 ya tsaya. Da na tada jijiyar wuya sai ya nuna min saƙon. Wallahi shi ke da gaskiya. Sauran 12 na yi ta saya musu harawa da ruwa har na karyar da su. Shi ya sa na tattaro waɗannan kalmomi.

Na cif-cif

"Exactly" da "exact" na nufin daidai wa daida, ba ragi ba ƙari. In an ce "exactly 30", to talatin ne. A kan lokaci kuma "sharp" ake cewa: "8 o'clock sharp" ƙarfe 8 ne cif. "Only" da ake rubutawa bayan adadin kuɗi a cak ko rasit tana rufe ƙofa ne, don kada wani ya ƙara wani abu a baya.

Na ƙiyasi

"About", "around", "roughly" da "approximately" duk kimanin suke nufi. Ba laifi a hira, amma kada ka yarda su shiga takardar bashi. "Almost" da "nearly" kuwa kusan ne, wato bai kai ba tukuna. Wanda ya ce maka kuɗinka "almost complete", to da saura.

Na iyaka

"At least" aƙalla ne: zai iya haurawa, ba zai gaza ba. "At most", "not more than" da "up to" su ne kishiyoyinta: ba zai wuce ba, amma yana iya gazawa ƙwarai. Da saƙon nan nawa "at least 30" ya ce, da ni ke da hujja.

Na lokaci

"On Friday" ran Juma'a ne. "By Friday" na nufin zuwa Juma'a, kada a wuce ta. "Before Friday" kuwa Juma'ar ma ba ta ciki. "Within 7 days" cikin kwana 7 ne. Direba da mai kaya su lura da wannan, don a kansa ake yanke kuɗi.

Na awo

"Gross weight" nauyin kaya ne har da buhu ko mota. "Tare" nauyin buhun ko motar kawai. "Net weight" shi ne zallar kayan, kuma a kansa ya kamata a yi farashi. "Each" da "per" na nufin kowane ɗaya, "total" kuma jimla. Sannan a tuna ma'auni ya bambanta: mu da mudu da tiya muka saba, a Badun kongo ake yi, a Ikko kuma derika da bokitin fenti. In ciniki babba ne, a rubuta da kilo.

"Accurate" da "precise"

Mutane kan haɗa su, amma ba ɗaya ba ne. "Accurate" shi ne abin da ya dace da gaskiya. "Precise" shi ne abin da aka ƙididdige sosai, ko awon da ke maimaita kansa. Sikelin da kullum ka ɗora buhu mai kilo 50 ya nuna 52, ko sau goma ka gwada, "precise" ne amma ba "accurate" ba. Saboda haka in kana zargin sikeli, tambayar ita ce: "Is this scale accurate?"

Lambobin da ke rikita kunne

A waya, cikin hayaniyar Mil 12, "fifteen" da "fifty" kusan ɗaya suke fita, haka "thirteen" da "thirty", har zuwa "nineteen" da "ninety". Maganin shi ne ka maimaita da ɗaiɗai: "one-five" ko "five-zero". Sannan ka ce a turo maka a rubuce. A takarda kuwa a sa adadi da lamba da kuma kalmomi.

Jimloli huɗu da ke ceton dukiya

"How many exactly?" Guda nawa cif?
"Is that each or total?" Kowane ɗaya ko jimla?
"Does it include transport?" Har da kuɗin mota?
"Please put it in writing." Don Allah a rubuta.

Ba abin kunya ba ne ka ce a maimaita maka, ko ka kai takarda wa yaronka ɗan makaranta ko sakataren ƙungiya ya duba kafin ka sa hannu. Ai Alƙur'ani ma, a ayar bashi ta Suratul Baƙara, ya umarce mu da rubutawa. Ni dai tun daga kan shanun nan 12, ba na kiran direba sai na ga "exactly" da idona.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai matafiyanmu gida lafiya.