Cizon Ɗan Goyo da Tarihin Maganin Haƙori

Ke mai goyo da ɗanki ya fara gartsa miki cizo a kan nono, kafin maƙwabciya ta aiko miki da sunan wani "maganin haƙori", ki ba ni aron hankalinki mu waiwayi tarihin wannan kwalba. Ta daɗe tana yawo a duniya, kuma sawun da ta bari ba mai kyau ba ne.

Tun zamanin Hifokiratis, fiye da shekara 2,000 da suka shuɗe, likitocin Girka suka rubuta cewa fitowar haƙori tana kawo zazzaɓi da gudawa da jijjiga. Maganar ta zauna daram. A ƙarni na 16 likitan fiɗa na Faransa, Ambroise Paré, ya yaɗa tsaga dasashin jariri don wai a buɗe wa haƙori hanya. A Landan, ƙididdigar mace-mace ta 1842 ta ɗora wa haƙori alhakin kusan kashi 5 cikin 100 na mutuwar jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya.

Abin da ya ruɗe su shi ne yake ruɗar mu har yau idan muka ce "ai haƙori ne". Haƙoran ƙasa biyu na gaba sukan ɓullo wajen wata shida. A daidai lokacin ne kariyar da yaro ya samo daga jinin uwarsa take raguwa, ake fara ba shi kunu da ruwa, shi kuma yana kai duk abin da ya tsinta baki. Ƙwayoyin cuta su yi ɓarna, haƙori ya ɗauki laifi.

Inda tsoro ya yi yawa, kasuwa takan buɗe. A 1849 aka fara sayar da Mrs. Winslow's Soothing Syrup a Amurka, ruwan zaƙi mai ɗauke da mofin, sinadarin da ake tatsa daga ofiyam. Yaro kan daina kuka, gaskiya ne. Wani kuma ba ya sake farkawa. A 1911 ƙungiyar likitocin ƙasar ta jera shi cikin masu kashe jarirai. A Ingila da Ostareliya kuwa garin magani ne ya yi tashe, wanda aka haɗa da zaiba. Yara suka riƙa kamuwa da wata cuta mai sa tafin hannu da na ƙafa su yi jaja-jaja suna saɓa, ga kuka ba dare ba rana. Sai a 1948 Warkany da Hubbard suka danganta ta da zaiba, kuma da aka cire zaibar daga garin wajen 1954, cutar ta kusa ɓacewa.

Kada ki ɗauka labarin Turawa ne kawai. A ƙarshen 2008 maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka haɗa a Legas, ya gurɓata da wani sinadarin masana'antu mai lalata ƙoda. Yara suka daina fitsari, aka yi ta kai su asibitoci, har da na koyarwa na Zariya. Hukumar NAFDAC ta janye shi daga kasuwa, amma sai da aƙalla yara 84 suka rasu. Abin da ya fi ci mini rai, a matsayina na mai harhaɗa magunguna, shi ne fitowar haƙori ba cuta ba ce da take buƙatar kwalba tun farko. Ko man da ake shafawa don kashe zafin dasashi, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 kada a shafa wa 'yan ƙasa da shekara biyu mai ɗauke da benzocaine, domin yana iya hana jini ɗaukar iskar numfashi.

To, cizon fa? Yaron da yake tsotso sosai ba ya iya cizo, saboda harshensa yana shimfiɗe a kan haƙoran ƙasa. Yakan ciza ne idan ya ƙoshi ya koma wasa, ko barci ya ɗebe shi, ko hancinsa ya toshe. Ki lura da lokacin da haɗiya ta tsaya. Ki zura tsaftataccen ɗan yatsanki ta gefen bakinsa, tsakanin dasashi, ki zare nonon. Kada ki fizge, fizga ce take yaga fata. Idan ya ciza, ki ce "a'a" a natse, ki ajiye shi ɗan lokaci. Ihu ko ɗalli na iya sa ya ƙi nonon kwana da kwanaki. Kafin shayarwa ki murza masa dasashi da yatsa, ko ki ba shi tsaftataccen ƙyalle mai sanyi ya tauna.

Yaye saboda cizo babbar asara ce. Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a ci gaba har shekara biyu ko fiye, kuma nonon ne yake kare shi daga gudawar da ake laƙaba wa haƙori. Idan zafin jikinsa ya kai digiri 38, ko yana gudawa, ko fitsarinsa ya ragu, ki ci gaba da ba shi nono, mai gudawa ki haɗa masa da ruwan gishiri da sukari, ki kai shi asibiti a ranar.