Raba da'ira: daga igiyar magini zuwa injin taku



Duk wanda ya tashi a Sanyinna ko Kebbe ya san ƙarar injin niƙa da ta injin ban ruwa a fadama. Bara injin niƙan wani maƙwabcinmu ya riƙa jijjiga yana cinye bel. Da aka kwance shi, sai aka tarar faifan ƙarfen da aka ƙera masa, mai ramukan noti shida, ba a raba ramukan daidai ba, shi ya sa ya zauna a karkace. Kwana huɗu injin na tsaye kafin a sassaƙo wani faifan a Sakkwato. Wannan ya sa muka bi diddigin tambayar da ta daɗe tana wahalar da masu sana'a: yaya ake raba da'ira kashi-kashi daidai wa daida?

Maginin rumbu ya san farkon amsar. Yana kafa turke, ya ɗaura igiya, ya zana da'ira a ƙasa. In ya bi gefen da'irar yana aunawa da tsawon igiyar nan, sau shida cif zai auna ya dawo inda ya fara. Daga shida ana samun uku da sha biyu. Bakwai kuwa ta gagari igiya, kuma a ƙarni na 19 masana lissafi suka tabbatar ba a raba da'ira bakwai daidai da kamfas da rula kaɗai. Digiri 360 da muke karantawa a makaranta daga lissafin mutanen Babila ya samo asali, kuma ya ɗore saboda lambobi 24 ne ke raba shi ba saura.

Masu ƙera giya na dā da hannu suke yin rabon. Na'urar lissafin taurari ta Girkawa da aka tsamo daga teku kusa da tsibirin Antikitera a 1901 tana da giya mai haƙora 223, kowanne an goge shi da hannu. A Isfahan ta ƙasar Farisa, Muhammad bin Abi Bakr ya ƙera na'urar auna taurari mai giya a ciki wajen 1221, tana nan ajiye a Oxford har yau. Aiki ne na ido da haƙuri, kuma kuskuren mai hannu yana zama a jikin ƙarfen.

Matuƙan jiragen ruwan Ingila ne suka matsa a sami abin da ya fi haka, domin ƙaramin kuskure a zanen ma'aunin kusurwa kan ɓatar da jirgi a teku. A shekarun 1770 Jesse Ramsden na Landan ya ƙera injin rabo: babban faifai mai haƙora 2,160 a gefensa, da sukuru mai tura haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Sai sukurun ya juya sau shida faifan zai matsa digiri ɗaya. An buga bayanin injin a 1777. Dabarar ita ce rage gudu. Hannu ya yi tafiya mai yawa, aiki ya matsa kaɗan, kuskuren hannun ma ya ƙanƙance gwargwadon haka.

Wajen 1800 Henry Maudslay ya inganta injin sassaƙar ƙarfe mai yanka zaren sukuru, sukurai masu kyau suka yawaita. A farkon shekarun 1860 Joseph Brown na kamfanin Brown & Sharpe a Amurka ya fito da injin yankan ƙarfe mai aiki da kan rabo. Ƙa'idar da ta zauna wa kan rabo ita ce juyi 40 na hannu ya ba da juyi ɗaya na aiki, tare da faifai mai layukan ramuka. Mai son kashi bakwai sai ya raba 40 da 7: juyi biyar da ramuka 15 a layi mai ramuka 21. Wanda ya shiga ɗakin injuna a kwalejin kimiyya da fasaha ya sha wannan lissafi a jarrabawa.

A Arewa, manyan ma'aikatun gyaran ƙarfe sun bi layin dogo ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya kammala a 1929, amma bai taɓa isowa Sakkwato ba. Ba mamaki da sana'ar ta fi kafuwa a Zariya da Kano da Kaduna, inda kasuwar Panteka ta yi suna wajen ƙere-ƙere. Galibin injunan sassaƙar da ke shagunanmu tsofaffi ne, na hannu, kuma kan rabo yana da tsada. Dabarar tsofaffin ma'aikata ita ce su ɗaura giya mai haƙora 60 a bayan shaf ɗin injin, su riƙa ƙirga haƙora suna tokarewa da ɗan ƙarfe.

Yanzu ga abin da zamani ya kawo: ƙaramin injin lantarki mai tafiya taku-taku, wanda ake kira sitefa, irin wanda ke cikin firinta. Wanda ya fi yawa a kasuwa taku 200 yake yi a juyi ɗaya, kowane taku digiri 1.8. Ana haɗa shi da shaf ɗin injin sassaƙa, 'yar kwamfuta ta riƙa ƙirga masa taku. Sai dai 200 ba ta rabuwa da uku. Wanda ya haɗa shi kai tsaye ba zai sami ramuka shidan maƙwabcinmu daidai ba, alhali igiyar magini tana ba da su. Na'urar da ke tuƙa shi tana iya tsinka kowane taku gida 16 ya zama 3,200, amma ita ma wannan lamba ba ta rabuwa da uku, kuma ƙananan takun ba su riƙe aiki da ƙarfi.

Nan ne zaɓen rage gudu ya shigo. In aka sa bel mai haƙora, fuli mai haƙora 20 a kan sitefa da mai 72 a kan shaf, juyi ɗaya ya zama taku 720, kowanne rabin digiri. Wannan yana raba 3, 6, 8, 9, 12, 24 da 60 ba saura. In aka bi hanyar Ramsden da sukuru da giya mai haƙora 90, taku 18,000 ke nan. Bakwai dai ba ta raba ko ɗaya cikinsu. Maganinta a sa kwamfutar ta lissafa kowane matsayi daga mafari, kada ta riƙa ɗora zagayayyar lamba kan wata, ta yadda kuskuren lissafi ba zai wuce rabin taku ba. A aiki mai faɗin milimita 100, rabin takun 720 ya kai kimanin milimita 0.2, na 18,000 kuwa bai kai 0.01 ba. Na farko ya ishi ramukan noti, haƙoran giya suna son na biyu.

Kowane zaɓi da kuɗinsa. Sukuru yana da jinkiri, kuma in ya yi lako-lako dole a riƙa juyawa gefe ɗaya kawai. Bel yana da araha amma yana ɗan miƙewa, don haka a kulle shaf kafin a huda. Kuma ko wanne aka sa, sai an cire shi kafin a kunna injin sassaƙar. Shaf mai juyi 1,000 a minti zai ja sitefa zuwa 3,600, ta koma janareta, tana iya ƙona na'urar tuƙinta. Sukuru kuwa ba ya juyuwa ta baya, haƙora ne za su karye.

Mun kawo wannan a zauren marubuta ne saboda littattafanmu sun cika da 'yan kasuwa da likitoci, amma da wuya a ga mai injin sassaƙa yana ƙirga haƙora, kuma sunayen da yake kiran kayan aikinsa ba mu rubuta su ba. Mu kanmu sai da muka yi ta laluben kalmomi kafin mu rubuta wannan. Aikin makon nan: kowa ya ziyarci maƙeri ko bakanike ko mai walda a garinsu, ya tambaye shi wa ya koya masa, a ina, wace shekara, kuma yaya yake raba da'ira biyar. A rubuto amsar da kalmomin bakinsa, a ajiye ta nan ƙasa.

Allah ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa.