Gwajin Alewa: Abin Da Ke Sa Yaro Ya Iya Jira

A cikin binciken da masana halayyar ɗan Adam suka gudanar a ƙarni na 20, kaɗan ne suka yi tashe irin wanda ake kira gwajin alewa. Walter Mischel, wanda aka haifa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1930, shi ne ya jagoranci aikin a Jami'ar Stanford ta Amurka, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon shekarun 1970.

Akan zaunar da yaro ɗan kimanin shekara huɗu a ɗaki, a ajiye alewa guda a gabansa, sau da yawa farar alewar nan mai laushi da Amurkawa ke kira mashmalo. Mai binciken zai ce masa zai ɗan fita. Idan yaron ya jira har ya dawo, zai sami biyu. Idan kuwa ya gaza, sai ya kaɗa ƙararrawa ya ci ɗayar. Jiran yakan kai minti 15. Yaran da suka fi daɗewa ba su zura wa alewar ido ba: wasu sun rufe fuska da tafin hannu, wasu sun kama rera waƙa.

A 1990 Mischel da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon bibiyar waɗannan yara bayan sun girma, inda suka ga cewa waɗanda suka jira sun fi samun maki a jarrabawar shiga jami'a. Daga nan labarin ya bazu, har wasu suka ɗauka cewa ana iya karanta makomar mutum tun yana ɗan shekara huɗu. Wannan fassara ta wuce gona da iri. Yaran da aka bibiya ba su da yawa, kuma akasarinsu 'ya'yan malamai ne da ɗaliban Stanford, gidajen da babu fargabar abincin gobe.

A 2018 Tyler Watts da Greg Duncan da Haonan Quan suka sake duba batun da bayanan yara sama da 900 daga gidaje mabambanta. Alaƙar da ke tsakanin jira da ƙoƙarin karatu a shekara 15 ta bayyana, amma ta ragu ƙwarai da aka yi la'akari da halin gida da ilimin iyaye.

Al'ada ma tana da nata rabon. A wani binciken da Bettina Lamm ta jagoranta, wanda aka fitar a 2017, an gwada 'ya'yan manoman ƙabilar Nso ta arewa maso yammacin Kamaru, aka ajiye musu fanke maimakon alewa. Kusan kashi 70 cikin 100 sun jira minti 10 cif, alhali ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na yaran Jamus ne suka iya. Wasu yaran Nso har barci ya ɗauke su a kan kujera.

Binciken da ya fi shafar iyaye kai tsaye, musamman masu yi wa yara alkawarin tsaraba su dawo hannu wofi, shi ne na Celeste Kidd a Jami'ar Rochester, wanda aka wallafa a 2013. Kafin a kawo alewar, an yi wa yara 28 alkawarin sababbin kayan zane. Rabinsu aka cika musu. Sauran kuwa aka dawo aka ba su haƙuri cewa babu. Da aka zo gwajin alewa, yaran da aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12 a matsakaici. Waɗanda aka saɓa wa, minti uku kacal suka jira kafin su kai hannu.