Yaran da aka kwashe zuwa Gabon a lokacin yaƙin basasa

Yau za mu waiwayi wani ɓangare na yaƙin basasar Najeriya da ba a cika zancensa ba, wato labarin yaran da aka fitar da su ƙasashen waje.

Yaƙin ya ɓarke a Yulin 1967, ya ƙare a Janairun 1970. Bayan sojojin tarayya sun kama Fatakwal a Mayun 1968, Biyafara ta rasa hanyar teku, yunwa ta yi tsanani, ciwon kwashiyoko ya shiga kashe ƙananan yara. Jiragen agaji da ke sauka da dare a Uli, filin da asalinsa titin mota ne, suka fara komawa da yaran da suka fi galabaita. Wasu an kai su tsibirin Sao Tome, mafi yawa Gabon, sauran Kwaddibuwa. Gabon da Kwaddibuwa dama sun amince da Biyafara a matsayin ƙasa tun 1968. Yawan yaran ya kai wajen 5,000.

Da aka ajiye makamai sai gardama ta koma kan suna. Gwamnatin Janar Gowon ta ƙi yarda a kira su 'yan gudun hijira, ta ce 'yan Najeriya ne da aka fitar ba da izininta ba. Sai da shugaban hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Sadruddin Aga Khan, ya shiga tsakani kafin aka dawo da su, daga ƙarshen 1970 zuwa farkon 1971.

A takarda magana ta ƙare ke nan. Amma mu duba yaron da aka ɗauke shi yana shekara uku ya dawo yana da biyar. Ya tashi a hannun baƙi, cikin masu Faransanci. Ƙasar da aka ce masa ita ce tasa babu ita kuma, wadda aka ce ita ce abokiyar gaba yanzu ita zai rera wa take a makaranta. Wasu an kwashe su ba su isa sanin sunan mahaifi ko na ƙauye ba, ba kuma kowa ne aka gano danginsa ba. Masu agaji sun ceci rayuka, wannan ba a musu. Sai dai a ganinmu an fi kula da sikeli da kwanon abinci fiye da firgicin da ke hana yaro barci. Hatta shirin sulhu da sake gina ƙasa na Gowon, da bautar ƙasa da aka ƙirƙiro a 1973, manya da matasa suka fi shafa.

Wannan labari ya taɓa mu mazauna kudu. A 1966, bayan kashe-kashen da aka yi wa Inyamurai a garuruwan Arewa, su ma 'yan Arewa da ke Gabas sun fuskanci ramuwa, aka kuma umarci waɗanda ba 'yan yankin ba su fice. Yaran da aka haifa a Inugu, garin da Malam Umaru Altine ya zama magajin garinsa na farko a shekarun 1950, suka tsinci kansu a Arewar da wasunsu ba su taɓa gani ba, ana ce musu sun dawo gida. Haka 'ya'yan Inyamurai haifaffun Sabon Garin Kano suka isa Gabas da Hausa a bakinsu.

Yanzu ma ga yaran Barno a Durumi cikin Abuja, da Uhogua kusa da birnin Benin, da sansanin Minawao na Kamaru da aka buɗe a 2013. Waɗanda aka haifa a Minawao shekarar da aka buɗe shi sun haura shekara goma, kuma da yawansu labarin Gwoza da Bama a bakin iyayensu kawai suke jin sa.