Ƙashin Bayan Jirgin Ruwa: Nazari Kan Ayyukansa Biyu da Raunin Mahaɗarsa

Tsakure

Maƙalar ta nazarci ƙashin bayan jirgin ruwa, wato gungume ko ƙarfen da ke shimfiɗe a ƙarƙashinsa daga goshi zuwa wutsiya. Hujjarta ita ce aikinsa biyu ne, riƙe gini da riƙe jirgi a ruwa, kuma fifita na biyun kan raunana na farkon.

Riƙe gini

Ƙashin baya maƙera ke fara ɗorawa, sannan haƙarƙarin jirgi ya hau kansa. Jirgin Gokstad da aka tono a Nowe a 1880, wanda aka ƙera wajen shekarar 900, daga bishiya guda aka sassaƙo nasa, kimanin mita 17. Jiragen dakon kaya na yau shimfiɗaɗɗen farantin ƙarfe mai kauri suke da shi, sai siraran fikafikai biyu a gefen ciki da ke rage tangaɗi. Kwale-kwalen Kogin Kwara kuwa yawanci shafaffen gindi gare su, domin ruwa mai tudun yashi ba ya son abin da ya nutse da yawa.

Riƙe jirgi a ruwa

A jirgi mai filafilai lamarin ya fi sarƙaƙiya. Iska na tura shi gefe, tana kuma neman kifar da shi. Ƙashin baya mai zurfi kan tokare ruwa ya hana zamewa, dalmar da aka zuba a ƙarshensa kuma ta mayar da nauyi ƙasa, ta yadda duk karkatar da jirgin ya yi sai ya miƙe. Tsohon salo dogo ne, haɗe da jikin jirgi: ga ƙarfi, amma ga nawa wajen juyi. Masu tsere suka yi ta tsuke shi har ya koma siririn reshe mai dunƙulen dalma. A 1983 Ben Lexcen ya fito da mai fikafikai a jirgin Australia II, wanda ya ƙwace Kofin Amurka daga hannun ƙungiyar jiragen New York bayan shekara 132.

Sai dai abin da a da tsawon jirgi ke ɗauka, yanzu 'yan kusoshi ne ke ɗauke da shi a ƙaramin wuri. A ganin mai wannan nazari, nan ne ba a ba muhimmancin da ya kamata ba. A Mayun 2014 ƙashin bayan jirgin Cheeki Rafiki ya ɓalle a Tekun Atlantika, jirgin ya kife, mutum huɗu suka halaka. Binciken wata hukumar Birtaniya ya nuna yiwuwar karon da jirgin ya sha yi da ƙasa a baya ne ya raunana mahaɗar. Irin wannan rauni kan ɓuya ƙarƙashin daɓen ciki, inda duban ido kaɗai ba ya gano shi.